Yadda ake saita robar birkin keke, da batun ko sai an sayi na'urar saiti

Duk wanda ya daɗe yana hawan keke ya san wannan ƙarar. Ka matse libar birki a gangare, keken ya tsala ihu har mutanen bakin hanya su waiwayo, amma gudun bai ragu yadda kake so ba. A unguwarmu na sha ganin yara 'yan makaranta sun haƙura da birkin gaba ɗaya. In za su tsaya sai su ɗora silifas a kan tayar gaba su danna, ko su riƙa jan ƙafa a ƙasa. Abin yana damuna ƙwarai, don titin da suke bi shi ne wanda 'yan acaɓa da manyan motoci suke bi. Kuma sau da yawa in na duba sai in tarar birkin lafiyarsa ƙalau, robar ce kawai ta zauna a karkace, gyaran da bai wuce aikin minti 20 ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane da dama suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu, wasu kuma suka sayi na gwanjo da ake kira Beljiyam. A cikinsu ne ake yawan samun masu nuno mini hoton wata 'yar na'urar roba a waya, wadda ake maƙalawa a jikin rim, wato zoben ƙarfen da taya ke zaune a kai, don saita birki, suna tambaya ko su yi odarta. Amsata ita ce mai keke ɗaya ko biyu ba ya buƙatarta. Amma dalilin ba zai fito fili ba sai an ga yadda aikin kansa yake, don haka da aikin zan fara.

Wane irin birki ne a kekenka?

Iri uku ne suka fi yawa a hannun mutanenmu. Akwai birkin sanda, na manyan kekuna irin su Raleigh da Phoenix da Hero, waɗanda ake ɗora wa buhun masara da jarkokin ruwa. Shi babu waya a jikinsa, sandunan ƙarfe ne ke jan robar sama ta daki cikin rim. Akwai V-Brake, sunan da kamfanin Shimano na Japan ya raɗa masa lokacin da ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1990: dogayen hannuwa biyu a tsaye, ɗaya a kowane gefen taya, waya ta haɗa su ta sama. Shi ne a kan yawancin kekunan Beljiyam masu giya. Sai kuma mai kama da awartakin maƙera, wanda noti ɗaya ke riƙe shi a saman taya, irin na kekunan tsere da na ƙananan yara. Zan fi daɗewa a kan V-Brake, don shi aka fi kawo mini, kuma wanda ya iya shi sauran ba za su ba shi wahala ba.

Kayan aikin ba su da yawa: alanki, wato makullin nan mai kusurwa shida, mai lamba 5 (wasu birkunan awartaki na tsere lamba 4 suke ci), sifana 10, ƙaramar sukudireba mai kan gicciye, filaya, sanfefa, tsumma mai tsabta, ruwan sabulu. Sai abubuwa biyu da ba a sayarwa a shagon kayan keke: tsohon katin ATM da ya daina aiki, da zaren roba da aka yanko daga tsohon tiyub, mai faɗin yatsa.

Kafin ka taɓa robar

Nan ne akasarin mutane suke yin asarar lokacinsu. Suna zuwa kai tsaye su kwance notin roba, alhali matsalar tana wani wuri. Robar birki rim take bi, in rim ɗin ba daidai yake ba babu saitin da zai zauna.

Ka tsayar da keken a ƙasa a kan tayoyinsa, ka sassauta notin ƙafar, ka danna keken ƙasa don sandar tsakiya ta shige maƙurar gurbinta ta ɓangarorin biyu, sannan ka ɗaure. Mai faci in yana sauri yakan mayar da ƙafa a ɗan karkace, kai kuma ka dawo gida kana zargin birki. Daga nan ka kama tayar ka girgiza ta hagu da dama. In ka ji tana ƙas-ƙas, boris ɗin cibiya ya saki, shi za a fara ɗaurewa. Sai ka ɗaga ƙafar ka juya ta, ka zuba ido a kan ratar da ke tsakanin roba da rim. In rim ɗin yana rawa fiye da milimita 1 zuwa 2, a kai wa mai ɗaurin sifok ya miƙe shi tukuna. Rim mai rawa yana tilasta maka ka buɗe birki sosai don kada ya riƙa gogawa, buɗaɗɗen birki kuwa sai liba ta taɓa kan keke kafin ya kama.

Sannan ka shafa gefen rim da yatsa. Na alminiyam yana cinyewa a hankali, musamman a wurinmu da ƙurar hunturu da yashin damina suke shiga tsakani suna aikin sanfefa. In ka ji gefen ya yi kwarmi kamar cokali, ko ɗan layin da wasu kamfanoni ke tsagawa a jiki don nuna lalacewa ya shafe, rim ɗin ya gama aiki. Irin wannan yana iya tsagewa in an yi wa taya iska sosai, kada ka yi wasa da shi. In kuwa lafiya yake, ka wanke shi da ruwan sabulu ka goge har tsumma ya daina yin baƙi. Baƙin mai da ake ɗiga wa sarƙa yakan fantsama a rim ɗin baya, kuma ɗigo ɗaya ya isa ya kashe birki.

Yanzu ka dubi robar. Tana da tsaga-tsaga a fuska. In sun kusa shafewa, ko ka ga ƙarfen ciki ya fara leƙowa, ka sayi sabuwa, guda biyu tare. In da sauran nama, ka duba fuskar da kyau a haske: za ka ga ƙananan ɓarɓashin alminiyam da tsakuwa sun nutse a ciki, su ne ke yin wannan ƙarar ƙurr kamar ana niƙa. Ka ciccire su da bakin allura ko ƙusa. Fuskar da ta yi santsi tana ƙyalli ta ƙone ne, ka shimfiɗa sanfefa a kan abu mai lebur ka goga robar a kai har baƙin asali ya fito. In wani leɓe ya tsiro a gefen ƙasa, alamar robar ta daɗe tana zarce rim ce, ka yanke shi da reza, don shi ne ke maƙalewa ya hana birki saki.

Washa biyar da jerinsu

Robar V-Brake tana zuwa da ƙusa mai zare da tarin washa, kuma wanda ya zubar da su a ƙasa bai lura da jerinsu ba zai sha wuya. Ga yadda suke daga jikin robar zuwa waje: washa mai kwarmi, sai mai tudu, sai hannun birki, sai wata mai tudu, sai wata mai kwarmi, sai siririya mai lebur, sai noti. Masu tudun nan bayansu mai lebur ne ke jingina da hannun birki, tudun kuma ya shige cikin kwarmin 'yar'uwarsa. Wannan haɗin tudu da kwarmi shi ne ke ba robar damar juyawa ta kowace fuska, kamar gaɓar kafaɗa. In aka juya ɗaya baibai, robar ba za ta karɓi saiti ba ko ka kwana kana yi.

Masu kwarmin biyu ba kaurinsu ɗaya ba, ɗaya mai kauri ce ɗaya siririya, kuma da gangan aka yi haka. Ka tura hannuwan birkin har robobin su taɓa rim, ka tsaya ta gaba ka duba. Ana so hannuwan biyu su tsaya kusan a miƙe. In kawunansu sun sunkuyo suna neman haɗuwa, ka sa mai kaurin ta ciki. In sun baje waje da yawa, siririyar za ta koma ciki. Duk abin da ka yi a hagu ka yi shi a dama.

Ka kuma duba jikin robar, yawanci akwai harafin L na hagu da R na dama, da kibiya mai nuna gaba. Hagu da dama a nan na wanda yake zaune a kan sirdi ne. Irin robar da ake zurawa a cikin gidan ƙarfe kuwa, rufaffen bakin gidan shi ke kallon gaban keke. In aka juya shi, rim zai fizge robar ya fitar da ita ta buɗaɗɗen bakin a daidai lokacin da ka fi buƙatar birki.

Saitin kansa

Gefe ɗaya za ka fara gamawa kafin ka koma ɗayan. Abin da nakan yi shi ne in zare sifirin ɗin hannun da nake aiki a kai daga maƙalinsa, don hannun ya daina ja da baya. In ba ka son taɓa sifirin, zaren tiyub ɗin nan zai yi maka aiki: ka matse liba a hankali har robobin su taɓa rim, ka naɗe libar da kan keke da zaren. Kada matsin ya yi yawa, ana so robar ta riƙe kanta amma yatsa ya iya motsa ta.

Ka sassauta notin robar kaɗan, ba kwancewa gaba ɗaya ba. Abu na farko tsayi. Gefen robar na sama ya tsaya kimanin milimita 1 ƙasa da bakin rim. Wannan milimita ɗin nake roƙon kowa ya kiyaye. An taɓa kawo mini keken wani yaro da tayar gabansa ta fashe yana cikin tafiya, da na duba sai na ga robar ta hau sama ta daɗe tana gurzar gefen taya, ta zana masa layi zagaye har zaren ciki ya fito. Allah ya kiyaye bai faɗi a gaban mota ba. Gefen taya ba shi da kauri, kwana kaɗan roba za ta huda shi.

Amma kada tsoron taya ya sa ka sauke robar ƙasa da yawa. Hannun V-Brake a ƙasan rim yake juyawa, saboda haka robar ba a miƙe take zuwa ba, tana zuwa ne tana sunkuyawa. Yayin da take cinyewa, wurin da take dukan rim yana ƙara yin ƙasa. In ka fara daga ƙasa, wata rana za ta zarce ta faɗa cikin sifok. Shi ya sa ake ɗora ta can sama, iyakar inda ba ta taɓa taya ba. Birkin awartaki mai noti ɗaya a tsakiya shi ma haka yake. Amma akwai na tsere mai magaɓa biyu, wanda hannu ɗaya ke juyawa a kan notin tsakiya, ɗayan kuma a kan wani noti na gefe. Na gefen nan sama yake hawa in robar ta ci, don haka shi a ɗan sauke shi ƙasa. In ka rikice, ka matse liba a hankali kana kallon inda robar ta nufa, ita za ta nuna maka.

Abu na biyu, robar ta bi lanƙwasar rim. Ka duba ta gefe: ratar da ke tsakanin saman robar da bakin rim ta zama ɗaya a kan gaba da kan baya. Doguwar roba in ta ɗan karkace, kai ɗaya zai taɓa taya, ɗayan ya leƙa ƙasa. Na uku, ka duba ta gaban keke ka tabbata duk fuskar robar ce ta kwanta a jikin rim, ba gefen sama kaɗai ko na ƙasa ba.

Na huɗu shi ne maganin ihu, kuma a kansa ne duk maganar na'ura ta taso. Ana so kan robar na gaba ya riga na baya taɓa rim da ɗan kaɗan. Dalili kuwa, a inda birki yake, rim gaba yake tafiya, a ƙafar gaba da ta baya duka. In roba ta kama shi sai ya ja ta gaba, hannun birkin ya ɗan murɗe, kan robar na baya ya nutse, na gaba ya ɗaga. Daga nan sai ta kama ta saki, ta kama ta saki, da saurin da kunne ke ji a matsayin ihu. In ka riga ka ba kan baya 'yar rata, murɗewar nan sai ta kwantar da robar daidai a maimakon ta karkatar da ita.

Ratar da ake nema tsakanin rabin milimita ne zuwa milimita 1. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, haka ƙa'idar duniya ta tsara shi, ka ga ya faɗo a tsakiyar abin da ake so. Ka yanko ɗan yanki, ka zura shi tsakanin rim da kan robar na baya, ya shiga kamar santimita 1 kawai. Na baya, wato wanda ya fi kusa da bayan keke. Ka danna robar a jikin rim, kan gaba yana taɓa ƙarfe, kan baya yana kan kati. Katin da ake ɓalle layin waya daga jikinsa shi ma kaurinsu ɗaya. Kada ka ninka shi don neman ƙari. Rata in ta yi yawa liba takan yi laushi kamar soso, kan gaba kuma ya cinye da wuri.

Sai ɗauri, inda aikin mutane da yawa ke rushewa. Noti in ya fara kamawa yakan juya robar tare da shi. Ka riƙe robar gam da babban yatsa da manuni, ka ɗaure kaɗan, ka tsaya ka duba, ka ƙara. In ta fi ƙarfin yatsunka, ka naɗe ta da tsumma ka riƙe da filaya. Shimano na cewa a ɗaure da ƙarfin niyuton-mita 6 zuwa 8, wato kamar ka rataya nauyin kilo 7 a ƙarshen alanki mai tsawon santimita 10. Ƙarfin hannu ya isa, kada a zura wa alanki bututu. In ka gama, ka kama robar ka gwada murɗa ta da hannu. In ta motsa, ba ta ɗauru ba. Ka mayar da sifirin, ka koma ɗaya gefen, ka tabbata robobin biyu suna fuskantar juna a tsayi ɗaya.

Waya da daidaita tsakiya

A gindin liba akwai wani ɗan noti mai rami da waya ke bi ta cikinsa. Ka mayar da shi ciki gaba ɗaya, sannan ka warware shi zagaye biyu, don ka samu abin ragewa da ƙarawa daga baya. Ka sassauta notin da ya danne waya a hannun birki, ka matso da hannuwan har ratar kowace roba da rim ta zama milimita 1 zuwa 2, ka ja wayar da filaya, ka ɗaure. Ka matse liba da ƙarfi sau goma don komai ya zauna. Birki ya fara kamawa tun liba tana wajen rabin tafiyarta, kuma in ka matse iyakar ƙarfinka a samu wurin zura yatsa tsakaninta da kan keke. In ta yi sako-sako, ka warware ɗan notin gindin liba waje, wayar za ta ƙara tsauri. In wayar ta yi tsatsa ko silinta ya fara tsinkewa, canza ta za a yi.

Sau da yawa za ka ga roba ɗaya ta manne da rim, ɗayar ta yi nisa. Kada ka koma kan notin roba. A gindin kowane hannu akwai ƙaramin sukuru na sifirin. In ka ɗaure shi, wannan hannun zai ƙara ja baya daga rim, in ka sassauta zai matso. Kwata-kwatan zagaye ake yi, a matse liba sau biyu, a duba. Gara ka ɗaure na gefen da ya manne kaɗan ka sassauta na ɗaya gefen kaɗan, da ka ƙure guda ɗaya. In sukurun ya ƙare bai gyaru ba, ka cire hannun ka duba: a jikin fok, wato ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar keke, akwai ƙananan ramuka uku da ƙafar sifirin ke shiga, a sa duka biyun a na tsakiya, a goge sandar a shafa mata giris kaɗan. A birkin awartaki kuwa, notin da ya riƙe shi ta baya ake sassautawa, a daidaita shi da hannu, a ɗaure.

Wani abu da nake yawan gani a kekunan Beljiyam da aka harhaɗa da kayan keke daban-daban: libar V-Brake ta fi ta awartaki jan waya mai yawa. In aka haɗa V-Brake da libar awartaki, liba za ta taɓa kan keke birki bai gama kamawa ba, kuma babu saitin roba da zai gyara wannan sai canjin liba. Ka kuma san wace liba ce ta gaba. Kekunan Ingila dama ce gaba, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai hagu ce.

Birkin sanda

Nasa ya fi sauƙi. Akwai noti a inda sandar sama ta shiga ta ƙasa. Ka sassauta shi, ka ɗaga ƙarfen da ke ɗauke da robobin har su kusa taɓa cikin rim da kamar milimita 2 zuwa 3, ka ɗaure. Ka duba 'yan maƙalan da ke jikin fok masu riƙe ƙarfen, su zauna a tsayi ɗaya, in ba haka ba roba ɗaya za ta riga ɗaya, ko ta karkata ta daki sifok. Rufaffen bakin gidan roba ya kalli gaba. Rim ɗin waɗannan kekuna ƙarfe ne mai ƙyalli, in ya jiƙe birki yakan yi rauni sosai komai kyan saiti, don haka da damina a fara matse liba tun daga nesa, robar ta share ruwan tukuna.

To, ita na'urar fa?

Kamfanoni irin su Tacx na ƙasar Holan da Jagwire sun fito da irinta. 'Yar roba ce mai tauri da ake sawa tsakanin rim da robar birki, an yi mata ɗan tudu ta baya. Ka matse liba, robobin su kwanta a jikinta, ka ɗaure noti, ka zare ta. Abin da take yi na gaskiya ne: tana ba da rata iri ɗaya a gefe biyu a lokaci guda, kuma ba ta zamewa ta faɗi kamar yankin kati. Na yi aiki da irinta, ban ce ba ta aiki ba.

Sai dai ka waiwayi duk abin da muka bi a sama ka ƙirga nawa ne ta ɗauke maka. Ba ta miƙe rim, ba ta ɗaure boris, ba ta jera washa, ba ta daidaita sifirin, ba ta hana roba juyawa in noti ya kama. Daga cikin abubuwa huɗu na saitin roba, na huɗun kawai ta tsaya a kai, wanda katin da ke aljihunka yake yi. Tana kuma da wani aibi da ba a faɗa a bidiyon talla. Tana da kauri, saboda haka a kanta kake saita robar, ba a kan rim ba. In ka zare ta, robar za ta ƙara tafiya kafin ta isa rim, kuma mun riga mun ga tafiyar nan a sunkuye take. Sai ka tarar ta sauka ƙasa da inda ka ajiye ta, dole ka sake dubawa da ido, wani lokaci ka sake kwancewa. Faɗin gefen rim ma ba ɗaya ba ne a kowane keke, ga shi ba ta da wani amfani a birkin sanda, wanda shi ne a ƙarƙashin mafi yawan masu ɗaukar kaya a karkara.

Wanda nake ganin za ta yi wa rana shi ne mai shagon da ke haɗa sababbin kekuna daga kwali, goma ko ashirin a yini, masu rim iri ɗaya, ko mai koya wa yara aiki da yake so hannunsu ya saba da girman ratar. A wurinsa daƙiƙun da take ragewa suna taruwa su zama wani abu. Kai mai keke ɗaya da za ka yi wannan aiki sau biyu ko uku a shekara, kuɗinta da na kawo ta daga waje gara ka sa su a alanki mai kyau wanda ba ya cinye kan noti, da makullin sifok, da sabuwar waya. In da saura, ka sayi roba ta kirki. Bambancin da ke tsakanin busasshiyar roba mai tauri kamar katako da mai kyau irin jar nan ta Kool-Stop ya fi duk abin da na'urar saiti za ta ba ka, musamman a ruwa. Mai gyara kuma in kayan aikin birki zai saya guda ɗaya, na fi ba shi shawarar filayar jan waya irin BT-2 ta Park Tool, wadda ke riƙe waya a miƙe yayin da yake ɗaure noti, don wannan ne wurin da hannu biyu ba sa isa.

Gwaji

Kafin ka hau, ka matse birkin gaba ka tura keken: ƙafar baya ta ɗaga. Ka matse na baya ka tura: tayar ta ja ƙasa. Ka juya kowace ƙafa ka saurara ko akwai inda take gogawa, ka sa wani ya matse liba da ƙarfi kai kuma ka duba ko robar na taɓa taya a wani wuri. In tayar ba ta da iska sosai, ka yi mata kafin wannan dubawar, don taya mai laushi tana bajewa ta gefe in an hau. Sannan ka hau a fili marar motoci, ka gwada a hankali, ka ƙara gudu.

In har yanzu yana ihu, ka kama hannun birkin ka girgiza shi gaba da baya. In yana da wasa, ka ɗaure notin da ya riƙe shi a fok. In ya ɗauru amma wasan na nan, gurbin ya cinye, hannun za a canza. Ka sake wanke rim, ka bi gefensa da sanfefa mai laushi sama-sama. A tsofaffin birkunan awartaki da ba su da washa mai tudu, masu gyara sukan lanƙwasa hannun da sifana don samun ratar. In na ƙarfe ne yana jurewa, amma na alminiyam yana iya yin tsagar da ido ba ya gani ya karye daga baya. Gara ka goge kan robar na baya da magagari ya ɗan yi siriri.

Ratar da ka bayar ba ta dawwama, kan gaba zai ci har fuskar ta koma lebur. In birkin ya ci gaba da yin shiru, ka ƙyale shi. In ihun ya dawo, ka sake ɗauko katin. Sabuwar waya kuma takan ɗan saki a makon farko, zagaye ɗaya na notin gindin liba zai mayar da ita.